Kansilan Da Ba A Taɓa Jefa Wa Ƙuri'a Ba

Da hantsin ranar Juma'a aka kira Sufeto Abdulƙadir Dange ta rediyon oba-oba daga ofishin 'yan sanda na Shagari. An ga gawa cikin wata rijiya a fadamar Lambara.

Daminar 1983 ce, zaɓe ya matso. Ruwa ya ɗauke tun gero bai wuce gwiwa ba, kantuna babu sabulu babu madara, albashi kuwa sai an manta da shi yake zuwa. Duk da haka kowane bango a kan hanyar Sakkwato zuwa Bodinga manne yake da hotunan 'yan takara.

Saje Ummaru ne ke tuƙin Landiroba. Da suka isa fadamar sun tarar an fito da gawar an lulluɓe ta da tabarma. Mutane sun taru, amma can nesa suka tsaya, babu wanda ya matso bakin rijiyar.

Mai garin Lambara ya tare su. "Ranka shi daɗe, Kansila Maniru na, na Sifawa."

Sufeto ya ɗaga tabarmar. Mutum ne mai jiki, sanye da 'yar shara da wando na yadin talakawa, babu hula, babu agogo. Akwai rauni a ƙeyarsa. A ƙafar wandon ta dama akwai huda, gefenta ya ƙone ya ƙanƙance, fatar sha-raɓarsa kuma ta tashi.

Takalmansa na nan a bakin rijiyar, an jera su kamar a ƙofar masallaci.

"Wa ya fara gani?"

"Mai gonar ga ta gabas. Yag ga an janye ƙayar da munka ruhe bakinta da ita."

"Me ya sa kuka rufe ta? Ga ruwa a ciki, ga shuka na mutuwa."

Mai gari ya dubi ƙasa. "Babu mai shan ruwanta. Nan anka hiddo Malam Isa, shekarar zaɓen kansiloli."

Wata tsohuwa daga cikin taron ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Kiranai yay yi."

Babu wanda ya tsawata mata.

Aka sa gawar a motar asibiti zuwa Sakkwato. A kan hanyar Bodinga Sufeto ya tambayi Saje Ummaru, wanda ɗan garin ne, ko wane ne Malam Isa.

"Hedimastan firamaren Sifawa, yallaɓai. A 1976 da soja suka ce a yi kansiloli, su biyu suka fito daga Sifawa, shi da Maniru. Lokacin Maniru dillalin albasa ne kawai. Kowa ya san Malam Isa zai ci. Ana gobe za a rufe karɓar sunaye ya tafi Lambara gaida surukansa, bai dawo ba. Aka ga kekensa a fadama, shi kuma a rijiya. Aka ce santsi ne."

"Sai Maniru ya wuce ba hamayya."

"Haka ne. Da farar hula suka hau aka rushe majalisa, aka naɗa kwamitin riƙo, sunansa na ciki. Aka sāke rushewa, aka sāke naɗa shi. Shi ke riƙe da sashen ayyuka. Ya gina ɗakin shan magani a Sifawa, ya haƙa rijiyoyi, ba za a ce bai yi komai ba. Bana jam'iyya ta tsayar da shi majalisar jiha, shi ma ta hanyar sasantawa."

Sufeto ya gyaɗa kai. Can ya ce, "Wato tunda yake, ba a taɓa jefa masa ƙuri'a ba."

"Ko ɗaya. Wannan ce za ta zama ta farko."

"Wa ke karawa da shi?"

Saje ya ɗan rage gudu kafin ya amsa. "Kabiru. Ƙanen Malam Isa."

Gidan Kansila a Bodinga cike yake da masu ta'aziyya. Fijonsa fara tana ƙarƙashin rumfa, an rufe ta da tamfol. Aka shigar da Sufeto wurin matarsa, Hajiya Hajjo, tana zaune a kan darduma da carbi a hannu.

"Allah ya jiƙansa, Hajiya. Yaushe rabonki da shi?"

"Jiya bayan azahar. Yat tuɓe manyan kaya yas sa na gona. Nic ce a kira direba, yac ce a'a, ba shi son a gane shi. Da ƙahwa yah hita."

"Ya faɗi inda za shi?"

"Bai hwaɗi ba."

"Lafiyarsa ƙalau a 'yan kwanakin nan?"

"Ƙalau."

Sufeto ya ɗaga kai. Ya dubi tagar ɗakin da ke kallon tsakar gida. An toshe ta da buhu, an buga ƙusoshi.

Hajiya Hajjo ta bi idonsa da kallo, sai carbin ya tsaya a hannunta.

"Tun da anka manna hotonai kusa da na Kabiru," ta ce. "Yaron ga shina kama da wanai kamar an tsaga kara. Alhaji ya daina bin hanyar kasuwa don kar shi ga hoton. Daga baya sai yac ce ana yi mai sallama. Muna zaune da rana tsaka, shi miƙe shi ce, 'Wa alaikumus salam, Malam.' In leƙa zaure, babu kowa. An yi rubutu, an yi sauka, ba abin da yas sake."

"Wane Malam?"

"Ban tambaye shi ba, Sufeto." Ta sunkuyar da kai. "Ban so in ji ba."

A zaure wani siririn mutum mai jajayen idanu ne ke karɓar gaisuwa kamar ɗan gida. Saje ya raɗa wa Sufeto cewa Ɗantani ke nan, na hannun daman Kansila tun zamanin dillancin albasa. Shi ke tara masa jama'a, shi ke raba buhunan shinkafa, shi ke magana da 'yan banga.

Sufeto ya ja shi gefe.

"Yaushe ka gan shi na ƙarshe?"

"Laraba da sahe, yallaɓai, nan zauren ga. Jiya ban hito ba, zazzaɓi yak kada ni. Da Hajiya ta aiko da magariba wai bai dawo ba, da na bi sawunai, sai dai babur ɗina ya yi mako kwance, ba shi tashi."

"Kana zargin wani?"

Ɗantani ya share ido da bakin rigarsa. "Ba ni son in ɗau alhakin kowa. Amma duk Sifawa an ji abin da Kabiru yac ce kan dandamali. Yac ce kujerar ga da jinin gidansu anka saye ta, kuma sai an biya."

Da safiyar Asabar suka sami Kabiru a Shagari, inda yake koyarwa. Yana zaune shi kaɗai a ajin da ya kwana biyu bai ga yara ba, don malamai sun daɗe da barin aiki saboda rashin albashi. Ya riga ya ɗaure 'yar jakarsa, kamar mai jiran a zo a tafi da shi.

"Na san za ku zo," ya ce. "An kulle ɗan takararmu na Yabo kan abin da bai kai wannan ba."

"Ina kake ranar Alhamis da la'asar?"

"Dandin Mahe, wurin taro. Mutum ɗari sun gan ni."

"Yaushe rabonka da Kansila?"

"Ba na magana da shi. Shekaru ke nan."

Sufeto ya jawo benci ya zauna. "Malam Kabiru, kofur ɗin da ke gadin mahaɗar garin nan ya ce ya ga farar Fijo ta Bodinga a ƙofar makarantar nan ranar Talata. Ban zo kama ka ba. Amma in ka sāke yi mini ƙarya zan fara tunani."

Kabiru ya kawar da kai ya dubi allo.

"Ya zo," ya ce. "Nan ya tsaya, bakin ƙofa. Bai iya duban fuskata ba, bango yake kallo yana magana. Ya ce zai janye. Ya ce bayan sallar Juma'a zai miƙe a masallacin Sifawa ya faɗa wa jama'a, kuma akwai wata magana da zai haɗa da ita."

"Wace magana?"

"Na tambaye shi. Ya ce ba ni zan fara ji ba, akwai wadda ta fi ni haƙƙi."

"Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Wa zai yarda? Mutum ya zo wurina a ɓoye, bayan kwana uku an same shi a rijiyar da aka sami wana." Ya dubi jakarsa. "Na yi shekaru ina roƙon Allah ya nuna mini ƙarshensa. Da na ji, wallahi ban ji daɗi ba. Sai na ji kamar an sāke kashe Yaya."

Kafin su bar Shagari sakamakon likita ya iso ta oba-oba. Babu ruwa a huhun mamacin. Dukan ƙeya ne ya kashe shi, kafin ya shiga rijiya. Ƙunar ƙafar kuwa tana da 'yan sa'o'i kafin mutuwarsa, kuma ƙarfe mai zafi ne ya yi ta.

Zulai, matar marigayi Malam Isa, tana gidan iyayenta a Lambara. Ba ta sāke aure ba. Sun same ta a tsakar gida tana tankaɗen garin rogo, don dawa ta yi tsada. Ta ja mayafi ta ba su tabarma.

"Kansila Maniru ya zo nan ranar Alhamis?"

"Mi zai kawo shi gidanmu?"

"Shi nake tambaya, Inna."

"Ban gane shi ba."

Sufeto ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "Kabiru ya ce mini mamacin na da maganar da ya ce ke za ki fara ji. Likita kuma ya ce kashe shi aka yi. Wanda ya kashe shi yana yawo, kuma ya san kin ji abin da kika ji."

Rariyar ta tsaya. Zulai ta dubi ƙofar gida, sannan ta rage murya.

"Bayan la'asar yaz zo. Ban shaida shi ba sai da yay yi magana, ya rame, shina ɗingishi. Nan yad durƙusa, inda kake. Babban mutum, ga ƙasa. Yac ce, 'Zulai, Isa bai hwaɗa da kainai ba. Ban aza mai hannu ba, amma na san komi tun ranar, nik kame bakina nih hau kujera.'"

"Ya faɗi wanda ya yi?"

"Yac ce gobe kowa za shi ji. Yac ce in gahwarta mai."

"Kika ce me?"

"Ban ce komi ba. Bakina yak kasa." Ta share fuska da gefen mayafi. "Har yau ban san abin da za ni ce ba."

"Daga nan fa?"

"Yac ce za shi bakin rijiyar shi yi mai addu'a, wai tun da abin yaf faru bai taɓa taka wurin ba. Nic ce ƙaya ta cinye hanyar, ba ya gane ta. Yac ce, 'Wanda yak kawo ni ya san wurin, ya hi kowa sani.'"

"Kin ga wanda ya kawo shi?"

"A'a. Can bayan gari yat tsaya. Ƙarar babur ɗai nij ji da za su tahi."

A cikin mota, da suka hau kwalta, Sufeto ya juya wajen Saje.

"Saje, jiya a zaure, na tambayi Ɗantani zancen babur?"

Saje Ummaru ya yi tunani. "A'a, yallaɓai. Shi ya kawo zancen da kansa."

"Mutumin da ya saba da bayan Fijo, in ya hau bayan babur, ina yake kai ƙafarsa?"

Saje ya dube shi, sannan ya ƙara wuta.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, manyan jam'iyya suka shiga ofishinsu na Bodinga don fitar da wanda zai maye gurbin Kansila. Kafin la'asar labari ya fita cewa Ɗantani aka ba. Makaɗa suka taru a ƙofar ofishin, matasa suka kawo tutoci.

Sufeto ya shiga ta ƙofar baya ya ce yana son ganin ɗan takara shi kaɗai. Aka ba su ƙaramin ɗakin da ake ajiye hotuna. Na Maniru ne jibge a kusurwa, ɗauri-ɗauri, ba a ko kwance wasu ba.

Ɗantani ya shigo cikin babbar riga wadda ta yi masa yawa.

"Yallaɓai, an kama shi?"

"Zauna."

Saje Ummaru ya shigo da buhu, ya zazzage a kan tebur. Salansar babur ce, da wandon mamacin.

"Daga zaurenka muka kwance ta, gaban mai unguwa," in ji Sufeto. "Babur ɗin da ka ce ya yi mako a kwance, bugu ɗaya ya tashi. Ka kankare saman salansar da wuƙa, na ga sawun. Ba ka duba ƙasanta ba."

Ya juya ta. Wani ɗan ƙyalle ya narke ya manne a jikin ƙarfen. Sufeto ya shimfiɗa ƙafar wandon kusa da shi, hudar da ƙyallen suka yi daidai.

"Ya sha hawan babur ɗina," in ji Ɗantani. "Tun da daɗewa."

"Ƙunar ta ranar Alhamis ce, likita ya tabbatar. Ranar da kake kwance da zazzaɓi. Kuma mamacin ya gaya wa Zulai cewa wanda ya kawo shi ya fi kowa sanin rijiyar. Me ya sa ka fi kowa saninta, Ɗantani?"

A waje kalangu na kiran sunansa. Ɗantani ya dubi tarin hotunan da ke kusurwa, ya kawar da kai, ya sāke dubawa.

"Ka juya su," ya ce.

Saje ya kifa na saman.

Sai maganar ta fito, a hankali, kamar ya daɗe yana maimaita ta.

"Alhaji yac ce min, shekarar zaɓen kansiloli, 'Ba ni son Isa shi iso Bodinga gobe.' Abin da yac ce ke nan. Nit tare shi ga hwadama. Niyyata in ɗaure shi cikin bukkar lambu hal a ruhe karɓar sunaye. Yag gane ni. Yac ce, 'Ɗantani, kai na? Ba ni nik koya ma ɗiyanka karatu ba?' Yaj juya za shi ɗau kekenai, nib buge shi. Bai ko yi ƙara ba."

"Maniru ya sani?"

"Da sahe nig gaya mai. Bai ce uffan ba. Yaj je jana'iza, shi yak kama makara. Tun daga ranar bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da ni ba, kuma bai taɓa kora ta ba."

"Ranar Alhamis fa?"

"Yac ce in kai shi Lambara, kar kowa shi sani. Kan hanya yag gaya min abin da za shi yi ga masallaci. Nir roƙe shi. Nic ce, Alhaji, kai mutane za su ce ka tuba, ni igiya za a sa min. Yac ce shi ya gaji, ko dai shi hwaɗi ko shi haukace." Ɗantani ya dubi salansar. "Da munka kai, ni nij janye mai ƙayar. Yat tuɓe takalmi, yad durƙusa, yaɗ ɗaga hannu. Akwai dutse nan kusa."

Kiɗan waje ya ƙaru.

"Shina cikin addu'a," in ji Ɗantani. "Ban bari yak kai amin ba."

Sufeto ya miƙe. "Ɗantani, na kama ka bisa zargin kashe Alhaji Maniru Sifawa, da kuma Malam Isa. Saje."

Ankwa ta shiga. Hannun babbar rigar ya zubo ya rufe ta.

Ƙofar baya ta cika da jama'a, dole suka fito ta gaba. Da mutane suka ga ɗan takararsu tsakanin 'yan sanda biyu sai suka ɗauka rakiya gwamnati ta ba shi. Guɗa ta tashi. Maroƙi ya sha gabansu yana kirari, matasa suna dukan jikin Landiroba suna kiran nasara. Sufeto bai tsaya yi wa kowa bayani ba. Ya buɗe ƙofa ya tura shi ciki, ya zauna kusa da shi.

Motar ta fara ratsa taron a hankali. Ɗantani bai dubi masu guɗa ba. Idonsa na can bayansu, gindin wata bishiyar dogon yaro da ke tsallaken titi.

"Yallaɓai," ya ce, "ka ga waɗancan?"

Sufeto ya duba. Babu kowa a gindin bishiyar, sai inuwa.

"Ban ga kowa ba."

Ɗantani ya gyaɗa kai, bai ɗauke ido ba har motar ta karya kwana.

"Dā shi ɗai na," ya ce. "Yanzu su biyu na."